Kafin Mu Wanke Kwamfutar Baba

A cikin gangar kaya ta iso gidanmu, tsakanin gwangwanayen madara da takalman yara. Ƙanena da ke zaune a Jamus ne ya aiko ta: kwamfutar cinya, wadda mu a unguwar Nima ta Accra muke ce wa laftof, sabuwa fil a kwalinta. Tun jirgin ruwan bai taso ba ya dame ni da waya, yana ta jaddada mini cewa ba gwanjo ba ce, da ƙafarsa ya shiga babban kanti ya saya.

"Sista, sabo ne paa," in ji shi. "Ba wanda ya taɓa shi koraa, ko sau ɗaya. Na Baba ne, kar ki bar yaran gida su maishe shi sinima."

Na ce na ji. Ɗan gida in ya daɗe a Turai, ba ya aiko abu sai da doka a kai.

Baba ya yi shekaru yana sayar da yadi a Zongo Lane kafin ƙafa da ido su zaunar da shi a gida. Ba babban malami ba ne, ba ya hawa kujerar tafsiri, amma ban taɓa ganin la'asar ta same shi babu takarda a hannunsa ba. Da yanar ido ta rufe masa idanu aka yi masa aiki, ɗaya ya ɗan buɗe, ɗayan ya ƙi. Alƙur'ani bai ba shi damuwa ba, yana cikin kansa. Abin da ya hana shi sakat shi ne littafin tsohonsa.

Kakanmu daga Kano ya taso, ya biyo hanyar fataken goro, ya yi zama a Salaga, daga baya ya gangaro Accra. Abin da ya gani da abin da ya sani ya rubuta da hannunsa, wani da ajami wani da Larabci: addu'o'i, magunguna, labarin hanya, ranar da aka haifi wane da ranar da wance ta rasu. Takardu ne warwara, ba ɗinki ba lamba, a tsakanin bango biyu na fata a cikin gafaka. Rubutun ƙanana ne, tawadar ta koɗe ta koma kalar shayi. Tabarau da gilashin ƙara girma duk Baba ya gwada, ba abin da yake samu sai hawaye.

Ni malamar firamare ce a Maamobi, kuma ni na kawo shawarar a ɗauki hoton kowane shafi a sa a kwamfuta, inda za a iya ƙara wa harafi girma har ya kai tafin hannu. Na shimfiɗa farin zane a tsakar gida, na yi kwanaki ina ɗauka da wayata, Baba na zaune yana miƙo mini takardun ɗaya bayan ɗaya yana mini faɗan in karɓa da hannu biyu. Da na gama na zuba su a kwamfutar. Na ɗiga jan farce a kan madannai uku, na gaba da na baya da na ƙara girma, don kada ya ɓata. Ranar da ya fara ganin rubutun tsohonsa ya cika fuskar kwamfutar, sai ya jawo kujerarsa kusa. Daga ranar ba ya taɓa ta sai da alwala, kuma a kan ɗan katakon da yake ɗora Alƙur'ani yake ajiye ta.

Allah ne ya sa muka yi hakan a lokacin. Daminar da ta biyo baya aka tafka ruwan da ya cika babbar kwata ta tumbatsa, ya shigo mana har ƙarƙashin gado. Akwatin da gafakar ke ciki ya yini a ruwa. Da muka buɗe, takardun sun manne sun zama dunƙule guda, tawada ta bi ruwa ta tafi. Ba a yi wata biyu ba kuma aka zare mini wayar a cikin trotro, motar hayarmu. Ke nan littafin Kaka bai rage a ko'ina a duniya ba sai a cikin wannan kwamfuta. Na san haka sarai. Kullum ina cewa zan kwafa in ajiye a wani wuri, kullum sai gobe.

Ita kuwa kwamfutar, sabuwa ce kamar yadda ƙanena ya faɗa, amma tun daga kanti aka cika ta da tarkace. Akwai wata manhaja mai cewa tana tsare ta daga ƙwayoyin cuta, wadda bayan wata guda ta fara ihun a biya ta, da jan rubutu kai ka ce gobara ta tashi. Akwai wasanni, akwai kantin sayayya, akwai wasu da har yau ban san aikinsu ba. Akwai kuma wani ɗan allo da ke zamowa daga gefe da labaran mawaƙa da 'yan ƙwallo, domin na haɗa ta da intanet saboda ƙanena yana kiran Baba ta bidiyo a kanta. In ka kunna ta da safe, sai ka sha kokonka ka cinye ƙosai kafin ta gama miƙa. Baba na tsakiyar karatu sai in ji ya ɗaga murya: "Uwata, zo ki kori wannan." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kirana da suna. In zo in kora, in goge wanda ya yarda a goge shi, bayan sati biyu in ga ya dawo da 'yan uwansa.

Wata Laraba bayan la'asar abokan Baba biyu suka zo, tsofaffin da suka ci kasuwa tare. Ya so ya nuna musu wata addu'a a rubutun tsohonsa. Suna sunkuye su uku kai da kai sai wannan allon na gefe ya zamo ya rufe rabin shafin, da hoton wata mata a bakin teku, abin da ke jikinta bai kai hankici ba, ga kuma kiɗa. Baba ya kai hannu zai kore ta, ya danna inda bai kamata ba, ta cika fuskar gaba ɗaya. Ina wanke-wanke na jiyo kiɗa daga ɗakin da ba a taɓa jin kiɗa a cikinsa ba. Kafin in iso ya rufe murfin. Tsoho ɗaya na kallon rufin ɗaki yana istigfari, ɗayan yana danne dariya da hannun riga. Wannan na biyun, Allah ya yafe masa, bakinsa ba shi da linzami. Kafin a sauko daga Juma'a labarin ya zaga masallacinmu, har an ƙara masa gishiri.

Da suka tafi ranar, Baba ya tambaye ni ko ni na sa wannan a ciki. Ni kuwa ba a taɓa ni in yi shiru. Na ce yanzu duk wahalar da na sha a kan littafin nan sakamakona ke nan, na faɗi wasu maganganu da muryar da ba a yi wa uba magana da ita. Ya bari na gama tsaf.

"Ɗauke ta ki kai ɗakinki," ya ce. "Idona ba zai sake kallonta ba muddin wannan ƙazanta na cikinta."

Sati uku aka yi a haka. In la'asar ta yi, sai Baba ya fito ƙofar ɗaki ya zauna da hannuwa a cinya yana kallon kajin maƙwabta. Ya rage cin abinci. Ya fara rabon kayansa da baki, wa zai ɗauki babbar rigarsa, wa zai ɗauki agogo. Fushina ya tafi, tsoro ya maye gurbinsa. Na ga mutumin da karatu ke riƙe da shi an zare masa karatun, kuma na san in aka ci gaba a haka ba zai daɗe ba. Na gwada cire intanet ɗin na kai masa, ya ce abin da ya fito jiya yana nan a ciki ko da bai fito yau ba. Na mayar da ita ɗakina, don ni ma ban yarda da ita ba.

A mahaɗar Kawukudi akwai wani mai gyaran waya da kwamfuta a cikin kwantena, Bazabarme daga Nijar, magidanci mai furfura a gemu. Hausarsa tas take, irin wadda in ya yi sai mu 'yan Zango mu ji kunyar tamu. Na kai masa ita na zayyana masa komai. Bai yi dariya ba, na kuma ji daɗin hakan. Ya ce ba laifina ba ne, ba kuma cuta ce ta kama ta ba. Masu harhaɗa kwamfutar ne ake biya su cusa waɗannan abubuwa kafin a sayar, kamar mai awon shinkafa da ke cika gwangwani da tsakuwa. Na ce to ai na ga wani wuri da aka rubuta a mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta. Ya ce kul, ai da tarkacen ta fito, in na danna nan duk za su dawo har da waɗanda na samu na kora.

Magani ɗaya ne, in ji shi: a wanke ta tas, a goge duk abin da ke cikinta, sannan a ɗora babbar manhajar da ke tafiyar da ita ita kaɗai, wadda aka ɗauko daga tushenta ba ta hannun ɗan kasuwa ba. Ya ce in bar ta zuwa gobe. Na ce ba zan iya barin littafin Kaka ya kwana a kwantena ba, ni zan yi da kaina a gida. Ya dube ni ta saman tabarau, ya ga taurin kai a fuskata, ya haƙura. Ya shirya mini filashi ɗaya, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a jikin kwamfuta, mai ɗauke da babbar manhajar, ya sa na sayi na biyu don in kwashe kayana, ya rubuta mini matakan a bayan guntun kwali.

"Malama, ki kwashe komai tukuna," ya ce. "In kika danna gogewa, babu kome. Ni ma ba zan iya dawo miki da shi ba."

A ranar na kwafe jakar hotunan littafin zuwa filashi. Minti kaɗan ta ɗauka. Na je na durƙusa gaban Baba na yi masa bayanin abin da zan yi, ina jiran ya sa mini albarka. Sai ya tambaye ni in an goge, ina rubutun zai tafi. Na nuna masa filashin, ɗan abu kamar ɗan yatsa, na ce duk yana nan. Ya juya shi a hannu, ya miƙo mini.

"An yi muƙabala?"

Muƙabala al'adar masu kwafar littafi da hannu ce. In mutum ya gama kwafa, ba a yarda da aikinsa sai an zauna mutum biyu, ɗaya yana karanta sabon, ɗaya yana bin na asali, har a tabbatar ba a tsallake layi ba. Na ce Baba, wannan ai na zamanin alƙalami da tawada ne. Inji ba ya gyangyaɗi, ba ya tsallake layi, abin da aka ba shi shi yake kwafa.

"Ba injin nake tuhuma ba," ya ce.

Maganar ta sosa ni. Hutun makaranta saura kwana biyar ya ƙare, ina da jarrabawar da zan shirya, ga shi an ce in zauna in bi shafi fiye da ɗari biyu ɗaya bayan ɗaya. Na yi ta gardama, shi kuma ya tsaya a kan bakansa. Ya ce ko allon yaro ba a wanke shi sai ya biya abin da ke kai, balle littafin da ba shi da na biyu. In ba za a yi muƙabala ba, a bar ta da ƙazantarta.

Abin da na yi washegari ban taɓa gaya masa ba. Da hantsi na kulle ɗakina, na soka filashin mai gyara, na bi matakan kwalin har na iso wurin da ake gogewa. Na ce a raina in na gama na kai masa ita fes, ai bakinsa zai mutu. Yatsana yana kan madannin. Ba hankali ne ya hana ni ba, ba na kuma ce na hango wani abu. Tsoron tambayarsa ce kawai, don tun ina ƙarama in na yi wa Baba ƙarya sai muryata ta tona ni. Na ja tsaki, na fita daga wurin ba tare da na goge komai ba, na zare filashin.

Bayan azahar muka zauna. Na tambaye shi da me za mu gwada, tunda takardun asali sun lalace shi kuma ya ce ba zai kalli kwamfutar ba. Ya ce littafin yana ɗauke da mai tsaronsa. A ƙasan kowane shafi, can gefe, Kaka yakan rubuta kalma ɗaya ita kaɗai, wato kalmar da shafi na gaba zai fara da ita. Da haka masu takardu warwara ke gane jerinsu ko da iska ta watsa su. Na sha ganin waɗannan kalmomi a hotunan, na ɗauka ado ne. Ya juya kujerarsa ya ba kwamfutar baya, carbi a hannu. Ni kuma na buɗe hotunan daga cikin filashi, ina karanta layin farko da na ƙarshe da kalmar ƙasa, da ajamina na makarantar allo mai ɗingishi. In na yi tuntuɓe ya gyara mini ba tare da ya waiwayo ba.

Ranar farko ba mu sami komai ba, na kuma tabbatar ya ji hakan a muryata. Rana ta biyu muka shiga labarin hanya. Kaka ya baro Salaga, ya iso bakin babban kogi, ana cinikin kuɗin fito. Kalmar ƙasa ita ce "kwalekwale". Na danna na gaba na karanta: "Maganin ciwon haƙori."

Carbin ya tsaya. Ya ce in sake. Na koma baya na sake, a hankali.

"Tsohona bai shiga kwalekwale ya fito a ciwon haƙori ba," ya ce. "Akwai shafi goma sha ɗaya a tsakani."

Na ce wataƙila jerin ne ya hautsine, na bi hotunan filashin gaba da baya, babu. Na buɗe jakar da ke cikin kwamfutar kanta, wadda na kwafo daga gare ta, nan ma babu. Na tambaye shi me ke cikin shafukan, don in san abin da nake nema. Ya ce isowarsu Accra ne, da auren Kaka, da haihuwarsa shi Baba. A shafi na tara kuma akwai ranar da mahaifiyarsa ta rasu da inda aka binne ta, lokacin ko yaye shi ba a yi ba.

"Ban san fuskarta ba," ya ce. "Layi huɗun nan su ne abin da nake da shi nata."

Na zauna ina tunani. Baba ya yi watanni yana karanta littafin nan daga farko zuwa ƙarshe bai taɓa cewa wani abu ya ɓace ba, ke nan shafukan suna wani wuri a cikin kwamfutar. Can sai na tuna. Lokacin ɗaukar hoto akwai wasu takardu da tawadarsu ta fi koɗewa, hotonsu bai fito ba, na goge na sake ɗauka daga baya. Waɗannan ban zuba su a jakar ba. Na shigar da su kai tsaye cikin wata manhajar hotuna mai alamar fure, ɗaya daga cikin tarkacen da kwamfutar ta zo da su, saboda tana iya ƙara wa hoto haske. Ta cikinta Baba ke karatu kullum, ita kuma tana jera masa na jaka da nata a haɗe kamar wuri ɗaya suke. Na buɗe ta. Ta ɓata lokaci tana juyi, ta fara tallata mini wani sabon samfurinta, na kore. Sai ga kwalekwalen Kaka a kan ruwa, shafi goma sha ɗaya cif.

Na ce, "Baba, suna nan." Ya ce alhamdu lillahi sau ɗaya, carbin ya ci gaba da tafiya. Ni kuwa ina ta ganin yatsana a kan madannin nan jiya da hantsi, zufa tana keto mini. Da na danna, da manhajar furen ta tafi da duk abin da ta ɓoye, kuma da ni da bakina zan gaya wa Baba.

Fito da su ma sai da ya zama aiki, don manhajar ba ta nuna inda take ajiyarta. Na kira mai gyara da wayar da nake maneji da ita, ya rufe kwantenarsa ya zo a kan babur. Ya tuɓe takalmi, ya tsuguna ya gaida Baba, suka ɗan taɓa hirar Yamai da Dosso inda Baba ya taɓa zuwa fatauci. Sannan ya tono wata ɓoyayyiyar jaka can cikin hanjin kwamfutar, ya kwashe shafukan, ya sa kowanne a gurbinsa. Da na ba shi labarin yadda aka gano, ya ce shi ma da na bar masa ita jakar hotunan kawai zai kwafa ya goge sauran. Ya ce in sayi filashi na uku in yi kwafi biyu, ɗaya ya kwana a wani gida daban. Da ya tafi Baba ya ce a sake muƙabala daga shafin farko, tunda an taɓa jerin. Na gyara zama na fara.

Ranar Asabar da safe na yi aikin, a tsakar gida, kan tabarma, bayan na cika batir kamar yadda kwalin ya ce. Sai an yi ta danna wani madanni da zarar an kunna kafin kwamfutar ta yarda ta tashi daga filashi, sau biyu ina makara tana shigewa tsohon gidanta. A na uku na kama ta. Ta jero mini ɓangarorin ma'ajiyarta, har da wanda masana'anta ke ɓoye tarkacenta a ciki don ta dawo da su. Na yi bisimilla na goge su ɗaya bayan ɗaya, har ya zama fili guda babu komai. Ko da na san littafin yana wuri biyu, an kuma bi shi kalma da kalma, sai da gabana ya faɗi.

Daga nan sai jira. Lamba tana hawa a hankali, matar ɗakin kusa da namu tana dakan fufu tana tambayata ko fim nake kallo. Ana tsakiya aka ɗauke wuta, fankar Baba ta tsaya, kwamfutar ta ci gaba da aikinta a kan batir. Ta mutu ta tashi da kanta har sau uku. Sannan ta fara tambayoyi. Ko ina son a riƙa nuna mini tallan da ya dace da ni? A'a. Ko ina son a san inda nake? A'a. Ko ina son gwajin wata guda kyauta? A'a. Rabon da in ji daɗin faɗin a'a irin na ranar har na manta.

Da ta buɗe, ɗan faifan da ake jan yatsa a kai ya ƙi motsi. Na kusa tsorata, sai na ga mai gyara ya riga ya rubuta a ƙasan kwalin cewa hakan na iya faruwa. Dama ya ba ni aron linzamin kwamfuta, wato maus, ya kuma sa ƙaramar manhajar da ke tayar da faifan a cikin filashi. Na ɗora, ya tashi. Na haɗa ta da intanet na ɗan lokaci ta karɓi gyare-gyarenta, ta gane lasisinta da kanta. Na bi saituna lungu-lungu na kashe duk wani abu mai kama da shawara ko labarai, na cire 'yan abubuwan da ita ma babbar manhajar ta zo da su, sannan na sa ta manta da intanet ɗin gaba ɗaya. Ƙanena zai riƙa kiran Baba a wayata. Na mayar da littafin, na kashe ta na kunna don in gwada. Kafin in gyara ɗaurin ɗankwalina ta buɗe, fuska fayau, ba abin da ke kai sai jaka ɗaya. Na bar ta a kunne awa biyu ina gadinta, ba abin da ya motsa.

Bayan la'asar na kai masa. Na durƙusa na ce an gama, na kuma ba shi haƙuri a kan muryar da na ɗaga masa kwanakin baya, abin da ya kamata in yi tun tuni. Ya ce ya wuce. Bai yi ɗoki ba. Ya tashi a hankali ya je ya yi alwala, ya dawo ya zauna, na buɗe masa shafin farko na ajiye a gabansa. Ya daɗe yana kallon gefen fuskar, wurin da abin nan ya saba fitowa. Na gane jira yake, muka jira tare. Minti biyar suka wuce, goma suka wuce.

"Uwata, akwai wani a ciki?"

"Babu kowa, Baba. Daga kai sai Kaka."

Ya gyaɗa kai. Ya sa yatsa ya fara wuce shafuka da sauri, na ga inda ya nufa, ya wuce kogi, ya wuce isowa Accra, ya tsaya. Ya ƙara girman rubutun har layi huɗu suka cika fuskar.

"To ja mini ƙofar in kin fita," ya ce. "Bar ni da iyayena."

Na fito na ja ƙofar, na zauna a kan turmin da ke kife a bakin ɗakin. Da farko ban ji komai ba. Can sai muryarsa ta taso, ƙasa-ƙasa, yana karantawa yana maimaitawa. Na sa gefen mayafi na rufe fuskata na yi kukana, kukan wanda aka sauke wa kaya. Ina nan zaune har aka kira magariba, shinkafar da na ɗora ta kama a tukunya.